Binciken Auren da Goggo Ta Yi wa Manajan Hannun Jari

Bara, bayan an gama yankan gero, Baba ya tashi da niyyar tura gonarmu ta Batagarawa zuwa Landan. Ba wai a kwashe ƙasar a buhu a kai filin jirgi ba, ko da yake da hakan aka yi da ya fi mani ma'ana. Nufinsa a sayar da ita, a miƙa kuɗin ga wani mutum da ba mu taɓa gani ba, shi kuma ya saya mana hannun jari a kamfanonin Turai da Amurka da Japan.

Laifin na maƙwabcinmu ne, Alhaji mai kantin magani. Tun da sojoji suka koma bariki garin nan ya rikice. Wanda jiya yake tura baro yau kansila ne, kowa ya rataya wayar salula a wuya kamar laya, kuma duk majalisar da ka wuce an daina maganar ruwan sama, sai ta hannun jari. Maƙwabcin ya sayi na wani banki, ba a daɗe ba sai ga shi da mota mai ruwan toka, wadda yake ajiyewa daidai ƙofar zaurenmu duk da filin ƙofar gidansa ya fi namu faɗi. Baba, wanda ya yi shekara da shekaru yana auna atamfa a babbar kasuwa hankalinsa kwance, sai ya fara ramewa. In aka danna hon a waje sai ya mayar da lomar da ya ɗauko. Ƙarshe ya yanke shawara: tunda maƙwabci na gida ya saya, shi na waje zai saya, wanda ake lissafinsa da dala.

Ni kuwa gonar nan ita kaɗai ce wurin da ake barina in zama mutum. A gida, a Kambarawa, ni 'yar sakandare ce wadda ba a yarda ta yi dariya da ƙarfi ba, ba a yarda ta yi gudu ba, ba a yarda ta leƙa katanga ba. A gona kuwa sai in rataye hijabi a reshe, in haye gwaibar da ke bakin rijiya har can ƙarshe, in ci nunannu in jefi ƙannena da ɗanyu. Daga can ake kawo geron da muke ci duk shekara, da gyaɗa da wake. Mai son sayen kuma surukin wani ciyaman ne, gidan mai zai gina. Duk sanda na rufe ido sai in ga famfon fetur a tsaye inda gwaibata take.

Abin da ya hana Baba sayarwa a ranar shi ne gonar ta gado ce. Su uku ke da ita: shi, da ƙanensa Baffa, da yayarsu Goggo. Baffa ba matsala ba ne. In Baba ya ce yau rana daga yamma ta fito, Baffa zai ce shi ma ya lura. Goggo ce aiki.

Goggo tana zaune a tsohon gidan kakanninmu a Gobarau, kuma sana'arta, ban da ƙuliƙuli, ita ce binciken aure. Duk dangi, har da waɗanda ba dangi ba, in saurayi ya fito neman ɗiyarsu ita ake turawa ta tono asalinsa. Auren da ta raba ya fi wanda alƙalan garin nan suka raba yawa, bambancin kawai ita tun ba a ɗaura ba take raba nata. Akwai saurayin da ta kayar saboda an taɓa ganin kakan kakansa yana magana shi kaɗai a kasuwa.

Ina wurin ranar da Baba ya je ya zayyana mata, ina taya ta matsar man gyaɗa. Ta saurare shi har ya gama ba ta ɗago kai daga turmi ba.

"Wa za ya riƙe kuɗin?" in ji ta.

"Kamfani ne, Yaya."

"Kamfani ba shi da hannu. Na ce wa za ya riƙe?"

"Akwai manaja. Shi ke zaɓen abin da za a saye, shi ke saidawa."

"Ɗan gidan wa ne?"

Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Au, ba ka sani ba? Za ka ba mutum gonar ubanmu ba ka san ubanshi ba? Ko akuya ba ni ba da kiwo haka. A kawo mani shi in bincika."

Kamfanin yana Ikko, saboda haka dillalinsa aka kawo. Wani saurayi ne ɗan unguwarmu mai aikin banki, wanda kowa ya sani tun yana bin motar tallan magani da gudu ba takalmi. Yanzu ya shaƙe wuyansa da laktaye a cikin zafin da ƙwai zai iya dahuwa a aljihu, ya fesa turaren da ya kori ƙudajen zaurenmu har zuwa washegari. Tun daga ranar nake ce masa Mai Laktaye. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya gai da Baffa, ya gai da Goggo, ya tambayi gajiya da iyali da kasuwa da zafi, gaisuwa mai tsawo irin ta wanda ya zo karɓar wani abu.

Aka shimfiɗa tabarma. Goggo ta zauna daga bakin ƙofar ciki, ni kuma aka zaunar da ni gefenta don in karanta Turancin ƙasidun da ya zo da su, masu sheƙi kamar an shafa masu mai. Yayana aka so ya karanta, amma shi ko kwalin ashana sai ya yi gumi kafin ya kai ƙarshe.

"Abin mai sauƙi ne, Baba," in ji Mai Laktaye. "Mutane da yawa ke haɗa kuɗi wuri guda, kamar adashi, sai dai ba a kwasa. Sai a damƙa wa ƙwararre. Shi ba ya barci. Yau ya duba kamfanin mota a Japan, gobe na magani a Jamus. Wanda zai tashi ya saya, wanda zai faɗi ya sayar tun bai faɗi ba."

"Ya aka yi ya sani?" Baffa ya tambaya. "Ƙasa yake bugawa?"

"Ilimi ne, Baffa."

"To, to. Ilimi. Haka ne."

Asusu uku ya kawo, kowanne da hoton manajansa a bango. Goggo ta karɓa, ta miƙa hannu nesa don ido ya kama. Na farko Bature ne mai furfura.

"Wannan ina ne garinsu?"

"Landan, Goggo. Shi ya fi kowa daɗewa a aikin, tun kafin a haife ni yake..."

"Mota na zuwa?"

"A'a."

"To wa zan tambaya halinshi? Cire shi."

Na biyu ya washe baki har ana ganin haƙoran turminsa. Goggo ta dube shi ta dube shi, ta taɓe baki.

"Mi aka ba shi yake wannan dariya? Mutumin da ke riƙe da dukiyar jama'a ba ya washe baki haka. Wannan ya riga ya ci wani abu."

Na uku Bahaushe ne cikin kwat, mai kumatu, da ɗan duhu a goshi. Mai Laktaye ya ce dangin mutumin suna wani gari a kan hanyar Zariya. Fuskar Baba ta haska kamar an kawo wuta. Baffa ya ɗora yatsa a goshin hoton ya ce ga tabon sujada nan ɓaro-ɓaro. Na ce wataƙila inuwar hasken mai hoto ce, aka yi kamar ba a ji ni ba. Haka aka tantance manyan masanan kasuwannin duniya uku a zaurenmu, cikin lokacin da bai isa a soya ƙwai ba.

Sai aka ce in karanta ƙasidar na ukun. Na karanta, ina fassarawa, kuma ina ƙara gishiri inda na ga ya dace.

"Nan an ce duk shekara manaja zai ɗebi ladansa daga cikin kuɗin."

"To ai aiki yake," in ji Baba.

"An ce ko an ci riba ko an faɗi."

Mai Laktaye ya yi murmushi irin na likita ga yaro mai tsoron allura.

"Ƙa'idar duniya ce, ƙanwata. Kuma ɗan kaɗan ne."

"An ce kuma in za ka shiga za a cira, in ka fita da wuri ma za a cira. In mutum ya tsaya a bakin ƙofa fa, shi nawa ne nasa?"

Ƙannena da ke laɓe bayan labule suka fashe da dariya. Baba ya watso mani harara, na sunkuyar da kai kamar ta Allah, na buɗe shafi na gaba. A nan akwai zane mai layi biyu, ja da toka-toka, suna hawa suna zamewa kamar ƙadangaru biyu a bango. Jan shi ne aikin manajan, an rubuta da manyan baƙaƙe. Na tambayi na tokar.

"Wannan ma'auni ne kawai," in ji Mai Laktaye. "Kasuwar ce gaba ɗayanta."

"Wato da a ce mutum ya sayi kaɗan-kaɗan daga kowane kamfani, ya kulle, ya tafi ya yi barcinsa?"

"Kusan haka."

"To ai na mai barcin ne a sama."

Kowa ya leƙo. Wallahi kusan ko'ina ƙadangaren toka ne a gaba, jan yana biye da shi yana haki. Sau ɗaya ko biyu ne kawai jan ya ɗan leƙa sama, kuma daidai nan aka zana tauraro.

"Ke nan za mu riƙa biyan wanda ba ya barci don ya riƙa zuwa bayan mai barci?"

Mai Laktaye ya sassauta laktayen, ya juya harshe zuwa Turanci. Ya yi ta zubawa a kan dogon zango da kaucewa haɗari da hangen nesa, Baba da Baffa suna gyaɗa kai kamar tafsiri ake. Ko kalma ɗaya ba su ji ba, kuma abin da ya burge su ke nan. Da ya gama Baba ya juyo kaina.

"Ke! Karatu aka kira ki, ba shari'a ba."

Na dubi Goggo, ina fatan ita ta gani. Ta ture ƙasidar da bayan hannu.

"Bar zanen nan, ɗiyata. Kowa na iya zane. Ni mutum nike dubawa."

Baffa ya tuna ya kamata shi ma ya yi tambaya, sai ya ce ko a cikin kamfanonin akwai na giya da na alade. Mai Laktaye ya ce ai akwai tacewa, kuma kafin ya faɗi wa ke tacewar ko da wane rariya, Baffa ya riga ya ce alhamdu lillahi.

Ranar Asabar muka hau motar haya ni da Goggo zuwa garin manajan. Ni ce mai riƙe jaka da karanta allon hanya. Ta cika kwano da daddawa don mu shiga gidaje a matsayin 'yan talla, domin a ƙa'idarta mai bincike ba ya faɗin abin da ya kawo shi, kuma ba ya fara tambayar 'yan gida. Wurin mai injin niƙa muka fara, inda mata ke jira kuma dole a ɗaga murya, ga shi duk wanda ya ɗaga murya sai ya faɗi fiye da abin da ya yi niyya. Daga nan gidan ungozomar unguwa. Daga nan, wanda Goggo ta fi so, gidan maƙwabciyar da suke rigimar indararo da mahaifiyarsa tun zamanin soja.

Tambayoyin Goggo ba sa canjawa. Akwai hauka a gidan? Akwai kuturta? Farfaɗiya fa? An taɓa kama wani nasu da kayan mutane? Mazan gidan suna sakin mata? Ni ina tsaye da kwanon daddawa a ka, ina tunanin kamfanin motar Japan da bai san ana can ana tambayar ko kakar wani ta taɓa faɗuwa tana kumfa ba.

Amsoshin duk suka fito fes, abin haushi. Kakansa malami ne, ubansa ya yi aikin jirgin ƙasa ya mutu da mutuncinsa. Matarsa ɗaya tun ta fari. Ya rufe wa uwarsa ɗaki da kwano, yana aiko da shinkafa da sukari duk azumi har maƙwabta su samu. Ko maƙwabciyar indararo sai da ta haɗiye yawu ta ce yaron dai ba ruwansa, uwar ce annoba. Amma duk garin babu wanda ya san aikin da yake yi. Wani ya ce banki, wani ya ce kwastan, ungozoma ta ce ita dai ta ji an ce yana ƙirga kuɗin Turawa ne.

Abu ɗaya na samo, kuma daga bakin maƙwabciyar. Ta ce wata Babbar Salla ya zo gida ya ce shi da kansa zai je kara ya zaɓo rago. Dillalai suka gan shi da tabarau da takalmi mai tsini, suka haɗa shi da wani ƙaton rago da aka ɗura wa ruwan kanwa har cikinsa ya yi kamar ganga. Kafin safiya ragon ya sace, ya koma kamar kare, ga tari.

Na ja zanen Goggo. "Kin ji ko? Mutumin da ya kasa zaɓen rago yana gani yana taɓawa, shi zai zaɓo mana kamfani a Jamus?"

"Manyan mutane ba su san rago ba," in ji ta. "Ba aibu ba ne."

Ƙarshe muka shiga gidan mahaifiyarsa da sunan neman ruwan sha. Tayil tun daga zaure har bakin murhu, janareta yana ruri a gefe, ga faifan tauraron ɗan'adam a kan rufi ya kai faifan shanyar barkono girma. Tsohuwar ta ba mu lemo mai sanyi daga firiji, ta saye daddawar gaba ɗaya ba ta ko taya ba. Na ga Goggo tana narkewa kamar man shanu a rana. Ita albarka take gani. Ni kuwa duk tayil ɗin da na taka sai in ce a raina, wannan ɗan kaɗan ɗin wani ne, wancan ma ɗan kaɗan ɗin wani ne, ko an ci riba ko an faɗi.

Muna fitowa na lura da abin da tun safe nake wucewa ban kula ba. Fuskar nan mai kumatu ce a manne a kowane bango, sai dai an cire kwat an sa babbar riga da hula, ya ɗaga hannu sama. A jikin masallaci, a jikin tankin ruwa, a bayan motar itace. Da jaki ya tsaya wuri ɗaya da shi ma an manna masa. Takarar majalisar tarayya yake nema. Na nuna wa Goggo.

"Kin gani ko!" ta ce. "Har jama'arshi na son shi."

Da muka dawo ta tara ƙannenta ta yanke hukunci: mutumin ba shi da aibu, da tana da sauran ɗiya da ta ba shi. Baba ya sa aka yanka kaji. Aka sa ranar ciniki, Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ana saura 'yan kwanaki na bi masu ɗauko kara zuwa gona don in yi bankwana. Har masu awo sun zo sun kafa turaku masu jan fenti, ɗaya daidai gindin gwaibata. Na tumɓuke shi na haye sama da shi. Ina zaune a reshe ina cin gwaiba cikin baƙin ciki, sai hoton nan na bango ya dawo mani. Na san yadda 'yan takara suke, ai muna ganinsu a garin nan: daga ƙauye zuwa ƙauye da makaɗa da 'yan banga, yau gaisuwar mutuwa, gobe ɗaurin auren wanda ba su sani ba. To shi wannan yaushe yake duba Japan? A cikin motar kamfe?

Ban kai wa Baba maganar ba, na san shari'a zai sake cewa. Goggo na nufa, kuma da yarenta na je mata.

"Goggo, in za a ɗaura aure, ba sai an ji wakilin ango ya buɗe baki ya ce ya karɓa ba?"

"Ƙwarai kau."

"To shi wannan mutumin, wa ya ji ya ce ya karɓi amanar gonar? Ni dai Mai Laktaye kawai nake jin yana magana."

Taɓaryar da take daka da ita ta tsaya a sama. Sai ta sauke ta a hankali.

"Amana baki da baki ake ba da ta," in ji ta, ba da ni take ba.

Ranar Juma'a zaurenmu ya cika. Ga mai saye da rigar da ta ci shadda ta kai ta rufe mota, waya ɗaya a kowane hannu. Ga mai unguwa a matsayin shaida. Baba ya sa an kawo goro da dabino a faranti kamar da gaske auren ne, ya kuma tabbatar an buɗe ƙofa sosai don maƙwabci ya gani daga cikin motarsa. Mai Laktaye ya zo da sabon laktaye, ja, ya jera takardu ya cire murfin biro. Ni ina bayan Goggo a bakin ƙofar ciki, na yi fuskar marainiya.

Mai unguwa ya yi addu'a, aka shafa. Aka miƙo wa Goggo tawada ta dangwala yatsa. Ta naɗe hannunta cikin mayafi.

"Kira mani shi tukuna."

"Wa, Goggo?" in ji Mai Laktaye.

"Mai riƙon. In gaishe shi, in ba shi amana, in ji ya ce ya karɓa."

"Ai Goggo ba a haka. Mutum ne mai ayyuka. Kuma yau layin Ikko ba ya shiga."

"Ga tawa, tana shiga ko'ina," in ji mai saye, ya miƙo waya ɗaya, don dai a san yana da biyu.

Mai Laktaye ya karɓi wayar ya riƙe kamar an ba shi garwashi. Gumi ya tsattsafo masa, ya bi ta gefen kunne ya shige ƙarƙashin laktayen. Ya dubi Baba, ya dubi rufi, ya ce ba shi da lambar a ka. Goggo ta ce a aika gidansu a ɗauko, ba sauri take ba. Sai ya ajiye wayar a hankali.

"Gaskiya, Goggo, shi wannan ɗin ya ajiye aiki. Tun kafin azumi. Siyasa ya shiga."

"Hoton fa?" in ji Baba.

"Ba a buga sabuwar ƙasida ba ne tukuna, Baba. Amma babu abin da ya canja. Kamfani ɗaya ne, tsari ɗaya ne. Yanzu tawaga ce ke riƙe da shi, matasa ƙwararru."

"Su wa?" in ji Goggo.

"Akwai wani daga Ibadan, akwai wata daga Inugu, sai wani Ba'indiye da ke ba su shawara."

Goggo ta gyara zama. Duk wanda ya san ta ya san in ta gyara zama haka, wani saurayi ya rasa mata.

"Yaro, dube ni nan. Na sha rana. Na shaƙi garin injin niƙa har na kwana ina atishawa. Na zauna na saurari wata mata tana zagin indararo tun hantsi har azahar. Na binciki ango tun daga kakanshi, sai ranar ɗaurin aure ka kawo mani wasu ƙattai ka ce ai gida ɗaya ne?"

"Goggo, ba aure ba ne..."

"Ya hi aure. Aure in ya ƙi a dawo gida. Gona in ta tahi ina za a dawo? Ka rubuto mani sunan uban kowane da garinsu. In na gama da na Ibadan in wuce Inugu. Indiyar nan mota na zuwa?"

Baba ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Yaya, don Allah. Mutane sun taru. Na riga na ba da baki."

"Kai ka ba da naka. Nawa yana nan wurina."

Aka juya ga Baffa. Karo na farko a rayuwarsa yayyensa biyu suka tsaya a gefe biyu yana tsakiya. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce gaskiya duka maganganun biyu haka suke. Mai saye ya tashi ya kaɗe riga, ya karɓi wayarsa, ya cika aljihu da goronmu ya fita. Daga waje maƙwabci ya danna hon, wai gaisuwa.

Baba ya yi wata da watanni ba ya taka Gobarau. Ni ma ya daina aikena ko sayen ashana, abin da ban ɗauka hukunci ba. Na ɗauka magana ta mutu, sai ga Mai Laktaye ya dawo bayan zaɓen fid da gwani, yana murmushi har kunne. Mutumin namu ya faɗi, ko wakilan garinsu ba su zaɓe shi ba, ya koma Ikko wani kamfanin daban ya ba shi sabon asusu. Ga sabuwar ƙasida, hoto ɗaya, kumatun sun ɗan faɗa. Baba ya sure ta ko hula bai sa ba sai gidan Goggo, ni kuma na bi shi a guje in ga yadda za ta kaya, domin wannan karon ango ne wanda ta riga ta wanke da bakinta.

"Ga shi ya dawo, Yaya! Ba sai an sake bincike ba. Ke kika ce ba shi da aibu."

Goggo ta miƙa hannu nesa ta dubi hoton.

"Waɗancan mutanen da suka ba shi kuɗinsu a wancan gidan, da za ya tahi ya sallame su?"

"Ai kamfani ne..."

"Ya bar su ya bi kujera. Kujera ta ƙi shi, bai koma masu ba, ya nemi sabon gida." Ta miƙa masa ƙasidar da yatsu biyu. "Auri-saki ne. Ban ba shi."

Ta koma kan turminta, shi ke nan.

Gonar tana nan. Ba don wani a gidanmu ya gane cewa ana cire lada ko an faɗi ba, ba kuma don ƙadangaren toka ya fi ja gudu ba. Har yau babu wanda ya sake tambayar wannan layin, kuma in na tayar da maganar sai a ce in je in duba tukunya. Asusun ya hau ko ya sauka, ban sani ba. Baba dai yana cewa ya hau, musamman ranar da aka ce tsutsa ta shiga wake. Turken nan mai jan fenti kuwa na kafa shi kusa da rijiya, akuyar mai gadin gona ake ɗaurewa a jiki. Bana gwaibar ta yi 'ya'ya har reshe yana taɓa ƙasa, na ciko kwando na kai wa Goggo. Ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta shinshina, ta tambaye ni wa ya dasa itacen.